Innar da Ba Ta Sha Kowa Ba

Ranar sadakar uku, sau biyu Kawu yana shigowa cikin gida ya yi mana faɗa a kan dariya. Ya ce zaman makoki ake yi, ba suna ba, maza suna jiyo mu daga ƙofar gida. Muka yi tsit, kowa ta ja mayafi ta rufe baki. Da ya shigo karo na uku, sai ya tarar da wata tsohuwa da ta zo daga wajen Dawakin Tofa tana kwaikwayon yadda Inna take ƙwanƙwasa gwiwar yaro da ludayi, har da ɗage gira da ɗan tsakin nan nata. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta kubce masa. Ya zauna a bakin rumfa yana yi yana share ido da hannun riga, ba mai iya rabe hawayen dariyar da na kukan. Shi ne ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage a ɗakinsu.

Allah ne ya ba mu ita, shi ya karɓi abarsa. Inna uwar mijina ce. Na zauna gida ɗaya da ita kusan shekara talatin, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina ce mini Amarya ba, ko da furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwalina.

Masu gaisuwa sun zo daga ƙauyukan da ban san ta taɓa takawa ba. Abin da na lura, da yawa cikinsu suna ɗingishi. Wani da sanda, wata tana jan ƙafa, wani saurayi a keken guragu ya tuƙo kansa tun daga bakin titi. Tsohon malamin asibitinmu na sha-ka-tafi, wanda ya daɗe da ajiye aiki, ya tsaya a zaure ya ɗaga murya don mu ji daga ciki, ya ce, "Yau mun rasa ma'aikaciyar da ba a taɓa ɗauka aiki ba, ba a kuma taɓa iya sallamarta ba." Jikokinta ƙanana suka dinga kallon juna. Su abin da suka sani, tsohuwa ce mai cin goro da faɗa a kan takalmi. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan kuma kula da ƙugiyar kowane harafi, za ku ji dalili.

Inna ba ta da haƙuri da abu uku: tuwo mai gudaji, mutumin da ba ya amsa sallama da ƙarfi, da sunan cutar nan ta shan inna. A wajenmu an daɗe ana cewa wata aljana ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro. Ita kuwa duk unguwa Inna ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da ta ji an ce ɗan wane ya gamu da shan inna, sai ta dafe ƙirji.

"Ku dinga bambancewa dai," in ji ta. "Ni Innar da ba ta sha kowa ba ce. Ko kunun wani ban taɓa sha ba sai an miƙo mini."

Shekarun da zan ba da labarinsu ba su da daɗi. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke dawa ba ta nuna ba. Taki ya gagari talaka. Fetur kuwa sai mai babur ya yini a layi can Rijiyar Zaki ya dawo yana turo abinsa. Ana cikin wannan sai ga maganar ɗigon riga-kafin shan inna ta ƙara dagula garin. Aka ce akwai abin hana haihuwa a ciki, aka ce wannan, aka ce wancan. Mutane kuma ba haka kawai suka ƙi ba: sun ga ba magani a asibiti, ba ruwa a famfo, amma ga ɗigo ana bin su da shi har gida. Malam, mijina, yana karantar da yara allo yana kuma noma, mutum ne mai sanyi amma in ya kafe ya kafe. Ya ce daga ɗigo har allura, ba abin da zai taɓa jikin ɗan gidansa.

Ni kuma ina da ƙane da cutar nan ta shanye wa ƙafa, ya tashi yana rarrafe da silifa a hannu. Ni na goye shi. Don haka wata safiya da maza suka tafi gona, mata biyu suka yi sallama da kular magani, ban yi dogon tunani ba na miƙa musu 'yata ta fari. Sunan Inna aka sa mata, saboda haka ni ba na iya faɗarsa ta kowace fuska. Inna ce take ce mata Takwara, muka bi. Suka ɗiga mata, suka shafa mata tawada a ɗan yatsa, suka fita. Sai a lokacin hankalina ya tashi, don tawadar nan ba ta fita da sabulu.

Inna ta fito daga ɗaki ta dubi yatsan. Ta dube ni. Ta koma ciki, can sai ga ta da ƙoƙon lalle a kwaɓe.

"Amarya, yarinya mace hannu fari fat kamar ba ta da kaka? Miƙo ta nan."

Da Malam ya dawo har yaba lallen ya yi.

Bayan wata huɗu aka yaye Takwara, ta koma ɗakin kakarta kamar yadda ake yi. Sai zazzaɓi ya kama ta, kwana biyu ba ta ko karɓar kunu. Ranar kasuwa Inna ta goya ta ta ce za ta kai daddawa, yarinya ta sha iska. Suka dawo da la'asar Takwara tana ta tsala kuka, ta ƙi yarda da kakarta, sai ni na yi mata wanka. Washegari zazzaɓi ya sauka. Amma da aka tsayar da ita, ƙafar dama ta ƙi ɗagowa daga idon sawu. Yatsun suna shara ƙasa, ta yi taku biyu ta kife.

Kafin azahar magana ta zaga gari. Wata maƙwabciya da ta hango masu ɗigo sun fito daga gidanmu watannin baya, ta ga yau ce ranar da za ta sauke abin da ta daɗe tana riƙewa. Masu dubiya suka cika gida, kowa ta dubi ƙafar, sannan ta dube ni. Wasu suka ce ɗigon ne ya shanye ta. Wasu suka ce Inna ce ta aljanu, ɗigon ne ya buɗe mata ƙofa. Ko ta wace hanya aka bi, a kaina ake sauka.

Malam bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Kwanaki ya yi ba ya kallon inda nake. Rannan ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Ki haɗa kayanki ki je gida ki huta. Yarinya tana hannun kakarta."

Duk macen da ta taɓa aure ta san hutun da ake nufi. Zan bar gidan, zan bar 'yata, kuma zan tafi da sunan uwar da ta nakasa ɗiyarta. Ina ninke zannuwa, sai na ji muryar Inna daga tsakar gida. Tun da abin ya faru ba ta cika magana ba, goron ma ta daina ci.

"Ba inda za ta," ta ce. "Ajiye kayan nan, Amarya."

Ana haka malamin asibiti ya samu labari, ya zo. Malam ya hana shi shiga, sai ya bar takarda a zaure ya tafi. Aka kira Kawu, don shi ne mai boko a dangi, ya ɗan yi aikin malanta a ofishin gona. Ya sa tabarau, ya gyara murya.

Duk wanda ya yi karatu a zamanin tafireta ya san ba ta da haruffa masu ƙugiya. Za ta buga kasa, kai ne za ka gane ƙasa ake nufi. Ta buga dan, ka karanta ɗan. Kawu ya saba da wannan gyaran har ya zame masa jiki. Takardar ta ce ana bukatar kashin yaron sau biyu, a sa a kankara. Kawu ya gyara buƙatar, daidai. Ya gyara ƙanƙara, daidai. Ya zo kan ɗayar kalmar, ita ma ya yi mata alheri.

"Ana buƙatar ƙashin yaron," ya karanta, "sau biyu. A sa a ƙanƙara."

Salati ya tashi a zaure. Kafin la'asar labari ya kai ƙauyuka uku cewa ɗigo bai ishe su ba, yanzu ƙasusuwan yara suke nema. Wata mata ta ɓoye 'ya'yanta a rumbu.

Inna ba ta san ko bihim a boko ba, amma ta san ba a cire wa mai rai ƙashi sau biyu a ce a sa a ƙanƙara kamar zoɓo. Ta yafa mayafi ta taka har sha-ka-tafi. Malamin asibitin ya ba mu labarin nan ya fi sau goma, har ranar gaisuwa sai da ya maimaita. Ya ce ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ɗan nan, wane kashin kuke nema? Na miya ko na bayan gida?"

Ya ce dariya ya yi har sai da ya riƙe tebur. Sannan ya yi mata bayani. Ƙwayar cutar shan inna a hanji take zama, ta kashi take fita. Duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana ɗibar kashinsa sau biyu, da tazarar kwana a tsakani, kafin mako biyu ya cika. A sa a sanyi, a kai wani ɗakin gwaji mai nisa, inda ake reno da leƙen irin waɗannan ƙwayoyi.

"Zai nuna in ɗigon ne?" ta tambaye shi.

"Zai nuna, Inna. Suna bambance ta ɗigo da ta gari."

"In ba ɗigon ba ne, ba kuma shan innar ba ne fa?"

"To sai mu nemi wani dalilin."

Ya ce sai ta miƙo masa hannu. Sannan ta ce, "Ba ni robar ɗibar."

Ta dawo gida da 'yan robobi biyu masu murfi da kula mai ƙanƙara a ciki. Ta fara tsayawa a kan Kawu. "Kai da karatunka, ka rasa abin da za ka sa wa ƙugiya sai kashi?" Daga ranar sunansa ya koma Mai Ƙugiya a bakinta, har jikoki suka ɗauka sunan yanka ne. Sannan ta juya kan ɗanta.

Malam ya ce, "Inna, in gwajin ya nuna ɗigon ne fa?"

"Ni da ƙafata zan raka ta gidansu. In kuwa ba shi ba ne, za ka ba ta haƙuri a tsakar gidan nan, ba a ɗaki ba. Inda aka ci mutuncinta nan za a mayar mata."

Ya ce ya yarda. Ba shi da yadda zai yi, uwa ce.

Saura kwana huɗu mako biyun ya cika. Takwara kuwa, kamar ta san ana jira, ta ɗaure cikinta tam. Ban taɓa ganin gidan manya ya tsaya cak yana jiran kashin yarinya 'yar shekara biyu ba sai lokacin. Inna ta ba ta gwanda. Ta ba ta kunun tsamiya. Ta kaɗa miyar kuka mai yauƙi ta ɗura mata. Tana bin ta da fo duk inda ta ja jiki, tana lallashi: "Haba Takwara, yi don Allah, manyan mutane na jira." Kawu ma, da kunya ta hana shi shigowa, sai ya aiko a tambaya ko an samu. Da aka samu, da hantsi, Inna ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka rugo suna tambayar wa ta haihu.

Na biyun bai ba da wahala sosai ba. Sai dai ranar babur ɗin malamin asibiti ba ko ɗigon mai, ƙanƙara kuma ta fara zama ruwa. Ya ce in ta narke, aikin ya lalace. Inna ta naɗe kular da jiƙaƙƙen buhu, ta yi gammo, ta ɗora a kai. Ta bi ta cikin gonaki har bakin titi, shi yana biye da takardu yana haki. Suka samu a-kori-kura mai zuwa Tofa. A cikin motar wani ɗan kasuwa ya ga tsohuwa ta rungume kula kamar jariri, ya ce, "Inna, fura ce? A sam mana."

"Ba za ka iya ba, ɗan nan," ta ce. "Ta manyan likitoci ce. Sai wanda ya yi karatu sosai ake buɗe wa."

Har ƙarshen rayuwarta tana alfahari da wannan tafiya. Takan ce kashin jikarta ya je garuruwan da ita ba ta je ba, a mota mai sanyi, mutane masu farar riga suka tarbe shi hannu biyu.

Sai jira. Wata biyu cur. Ina gidan amma kamar baƙuwa: in dafa, in share, Malam ya yi mini maganar dole kawai. In na fita unguwa hira ta tsaya. Na yi kuka a watannin nan har na gaji, kuma na ji haushin kowa. Inna ta rame. Ta dinga yi mini ayyukan da uwar miji ba ta yi wa matar ɗa: ta jawo mini ruwa, ta surfa mini gero, in na tashi in tarar ta share ƙofar ɗakina. Ni kuwa na bar ta tana yi.

Rannan da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. Malamin asibiti ne da wata likita daga birni, mace, ba ta wuce sa'ata ba. Ta ce tana bincike ne a kan yaran da ƙafarsu ta saki, tana bin su gida-gida ta ga yadda suka ƙare. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam ya tsaya, Kawu ya zo, mata suka cika bakin ƙofa, har da mai rahoton.

Likita ta ce sakamako ya fito. Ba a samu ƙwayar shan inna ba, ba ta gari, ba ta ɗigo.

Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Amma likitar ba ta gama ba. Ta zaunar da Takwara a cinyata, ta fito da 'yar guduma ta roba ta ƙwanƙwasa mata gwiwa. Ƙafa ta yi tsalle, Takwara ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ɗauki tsinke ta ɗan tsikari ƙafar hagu, yarinya ta janye. Ta tsikari bayan ta dama, Takwara ko kallo ba ta yi ba, tana wasa da gudumar.

"Kun gani?" in ji likita. "Shan inna yana kashe ƙarfi ne, ba ya ɗauke ji. Wannan ba ta jin taɓi a nan. Jijiya ce aka taɓa daga sama." Ta ɗaga kai. "An yi mata allura a ɗuwawu kafin ƙafar ta saki?"

Malam ya ce, "Ba a yi ba. Ba a yin allura a gidan nan."

Ni na sunkuyar da kai ina gyara wa Takwara riga.

Akwai kuwa mai allurar: irin masu yawo kasuwa-kasuwa da jaka a keke ne, ba wanda ya san garinsu. Yarinya ba ta iya magana ba. Da Inna ta ci gaba da shiru, da likita ta rubuta abin da za ta rubuta ta tafi, magana ta mutu a nan.

"An yi," in ji Inna.

Kowa ya juya.

"Ni na kai ta, ranar kasuwa. Jikinta kamar wuta, na ji tsoro. Na san ka hana, shi ya sa ban faɗa ba. Tun da ya soka ta ta yi wata ƙara na san ba lafiya." Ta dubi matan da ke bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. "Kun ce shan inna ne, kun yi gaskiya. Ga Innar a zaune. Ba aljana, ba ɗigo, ba yarinyar nan. Ni ce."

Kawu ya cire tabarau ya rasa inda zai sa shi. Ita kuwa ta share fuska da gefen mayafi, ta juya kan ɗanta, muryarta ta dawo yadda muka san ta.

"Kai kuma me kake jira? Nan ne tsakar gidan."

Malam ya ba ni haƙuri a gaban kowa, kansa a ƙasa. Ban san zai iya ba. Allah ya saka masa, bai sake tayar da maganar ba har yau, kuma da masu ɗigo suka dawo shi ya fito musu da ƙannen Takwara.

Likita ta ce wa Inna ba ita ce ta farko ba, cikin yaran da take bi akwai irin wannan da dama, allurar da aka soka ba a gurbinta ba. Ta ce jijiya tana tsirowa amma a hankali, kamar yaɗon kabewa, ba a ganin tafiyarta sai dai a ga ta kai. Abin tsoro shi ne ƙafar ta sandare kafin ta iso. Ta kama hannun Inna ta ɗora a tafin ƙafar, ta nuna mata yadda za ta dinga lanƙwasa ta sama, ta sake, ta lanƙwasa.

Daga ranar, safe da yamma, ba fashi. Ko ranar salla sai an yi kafin a sa sabon kaya. Ta sa baduku ya ɗinka takalmin fata mai tauri da ke riƙe sawu. Duk wata ta goya Takwara zuwa birni wajen likitar, a gwada ƙafa, a rubuta, ta dawo tana ba mu labarin injin da ake manna wa waya a fata tsoka ta yi zillo. Bayan shekara babban yatsa ya motsa. Inna ta sake guɗa, maƙwabta wannan karon ba su rugo ba, sun aiko a tambaya ko kashi ne kuma.

Da Takwara ta tasa, Inna ta sayar da tumakinta ta sai mata keken ɗinki na ƙafa, ta ce da ta dama za ta dinga takawa ko ta sha ludayi. Yau Takwara tana ɗan jan ƙafar in ta gaji, silifa ba ya zama mata sai mai maɗauri. Amma rabin matan da suka zo gaisuwa ɗinkinta ne a jikinsu.

Ita kuwa Inna ta samu sana'a. Da ta ji ƙafar yaro ta saki a wani ƙauye, sai ta soke ludayi a ƙugu ta kama hanya. Ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta tsikara da tsinken tsintsiya, ta tambaya ko an yi allura, sannan ta ce a tanadi kashi, tana jaddadawa, "marar ƙugiya." Gidajen da suka rufe wa ma'aikata ƙofa ba su iya rufe mata ba, don da labarin kanta take shiga. Wasu yaran gwaji ya nuna shan inna ne na gaske, ta zauna ta yi kuka da iyayensu, sannan ta koya musu lanƙwasa ƙafa. Masu allurar keke kuwa suka daina tsayawa a kasuwarmu in sun hango mayafinta. Tsohuwar maganarta ban sake jin ta a bakinta ba. In an ambaci cutar sai dai ta ce, "Ɗaya na sha, ba zan ƙara ba."

Ni da ita ba mu taɓa zama mun yi maganar wata biyun nan ba. Mun yi faɗa a kan gishiri, a kan tarbiyyar yara, a kan kazar da ta shiga gonarta ta rama, amma wannan ba mu taɓa ba.

Bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Takwara ta dawo gida da jaririnta don jinya, safe da yamma ta kama ƙafar kakarta ta lanƙwasa ta sake. Inna da bakinta da ya ɗan karkace takan ce, "Oh ni, yau kuma wa ya sha Inna?" Mu yi dariya, ita ma ta yi da rabin fuska.

Kwana biyar kafin rasuwarta, da hantsi, ina ba ta kunu ta kawar da kai. Ta ce in rufo ƙofa.

"Amarya, allurar nan ƙaddara ce, na daɗe da miƙa wa Allah ita. Amma shirun nawa ne. Wata biyu ana cin namanki ina kallo. Har da na ɗauki kular nan, addu'a nake yi a ce shan inna ne na gaske, ke ki fita, ni in fita. Kin ji irin uwar mijin da kika samu. Ki yafe mini."

Na ajiye ludayin. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da tawa, na ga in ban sauke yau ba, ba rana.

"Inna, ni na yi mata wanka ranar da kuka dawo daga kasuwa."

Ta dube ni.

"Na ga gurbin allurar. Ya kumbura, har da ɗan jini a wando."

"Kin gani?"

"Na gani."

"Kika yi shiru? Ana cewa ki haɗa kaya?"

"Da wane bakin zan ce uwar mijina ce? Ke da kika kwaɓa mini lalle. Kuma ba kunya kaɗai ba ce, Inna. Haushinki na ji. Na ce zan zuba ido in ga ko za ki faɗa da kanki. Kina jawo mini ruwa ina kallonki, ina sane. Ni ma ki yafe mini."

Sai na ga kafaɗarta mai lafiya tana rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce take neman hanyar fita.

"Amarya," ta ce, da kyar, "kina sane, kika bar ni na ɗauki kashi a kaina har Tofa?"

Muka yi dariya har Takwara ta turo ƙofa a tsorace. Ta tarar da mu riƙe da hannun juna, fuska jage-jage, ta tambaya me ya faru. Inna ta ce ba ruwanta, maganar manya ce, ta zo ta ci gaba da lanƙwasa ƙafa.

Ya Allah, ga Inna nan ta zo maka. Ta yi kuskure da tsoro, ta gyara da bakinta a gaban jama'a, sauran kuma ta gyara da hannunta. Ka yafe mata kamar yadda ta yafe mini, ka sa ta tashi da ƙafafunta biyu lafiya lau. Ludayin yana nan a soke a jikin rumfa inda ta bar shi. Jiya wata mata ta zo daga bayan gari, ta ce ƙafar ɗanta ta saki, ba ta san an yi rasuwa ba. Na yafa mayafi, na zaro shi, na ce mu je.